Makullin Shigifar Malam

Malam Ƙarami,

Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara, da fatan mai jego ta ƙara ƙarfi. Na so in yi maka wannan magana baki da baki ran suna, sai na ga jama'a ta yi yawa, kuma ba a jan kunnen magidanci a gaban baƙinsa. Shi ya sa na ɗauki biro. Ka karanta a tsanake bayan isha'i, kada ka ba ni amsa a waya.

Ƙanwarka ce ta nuna mini abin da ka rubuta a Facebook. Ka sa hotunan wani gari na hamada, da wani dattijo mai rawani riƙe da tsohon littafi, ka ce a dubi mutanen da suka san darajar ilimi, mu kuwa a garinmu ko laburare ɗaya hukuma ta kasa gina mana. Rubutun ya yi kyau, Hausarka ta fita, kuma na ga jama'a sun yi ta sa maka albarka a ƙasa. Ni ma na ji daɗi. Daɗin ne ma ya sa washegari na ce a ba ni makullin shigifar Malam, kakanka, in shiga in gaisa da littattafansa.

Sai da aka kwashe rabin awa ana nema kafin a same shi cikin gwangwanin ƙusoshi. Kwaɗon kuma sai da aka ɗiga masa man keke ya yarda ya buɗu. Ka san abin da na tarar, amma bari in faɗa maka yadda idona ya gan shi. Buhunan taki a jingine da bangon gabas har kusan rufi, ga mataccen janareta, ga tayar babur. Azara ɗaya ta sunkuyo, ruwan daminar bara ya bi bango ya bar sawunsa. Adakokin Malam uku suna ƙasa a kan daɓe, gara ta gina hanyarta daga gindin bango har cikin ta tsakiya. Da na ɗaga murfin, ƙamshin nan na jima da tawada da na sani tun ina yawo ba wando ya buge ni, amma a gauraye da warin danshi. Gafakar da ke sama Risala ce, wadda Malam ya kwafa da hannunsa yana saurayi. Na kwance igiyar, na buɗe tadarishin, sai gari ya zubo mini a cinya. Gara ta cinye kusurwar ƙasa ta wajen shafi arba'in, daidai inda mai rubutu ke ajiye kalmar da za ta fara shafi na gaba. Littattafanmu ba ɗinki gare su ba, wannan 'yar kalma ita ce zarensu. In ta tafi, iska kuma ta watsa takardun, sai wanda ya haddace littafin ne zai iya mayar da su.

Na zauna a kan buhun takinka na jima ban ce komai ba.

To, garin nan da ka sa hotonsa na san shi, na taka shi da ƙafata. Shekarun baya aiki ya kai ni Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, na saci kwana uku na tafi. Daga birnin kwalta ce har Atar, tafiyar yini, daga Atar kuma sai mota mai ƙarfi ta hau dutse ta yi wajen kilomita 80 gabas. Turawa suna rubuta sunansa Chinguetti, masu garin suna cewa Shinƙiɗ. Kai ma ka san sunan ko ba ka san garin ba. Duk malamin tafsirin da ka ji ya ce Shanƙiɗi ya faɗi kaza, Shaihu Muhammadul Amin yake nufi, mai Adwa'ul Bayan, wanda ya koyar a Madina ya rasu a farkon 1974. Shi ba a garin aka haife shi ba. Abin da ya faru, a nan ne ayarin alhazan wannan yanki ke haɗuwa ya tashi zuwa Makka, sai mutanen Misira da Hijaz suka riƙa kiran duk wanda ya fito daga can da sunan garin, ƙasar gaba ɗaya kuma suka ce mata ƙasar Shinƙiɗ, tun ba a san kalmar Muritaniya ba. Gari ne fa da bai kai namu jama'a ba, mutanensa 'yan dubbai ne. Kwari ya raba shi biyu, tsohon gari da sabo, rairayi kuma ya yi masa ƙawanya ta kudu da gabas kamar tsaunuka. Masallacin Juma'arsu na dutse ne da aka jera, daɓensa yashi, hasumiyarsa mai kusurwa huɗu da siffar ƙwan jimina biyar a kanta.

An kafa garin da ake gani yanzu a ƙarni na 13, kusa da wani tsohon mazauni da rairayi ya binne. A da arzikinsa gishiri ne da dabino da raƙuma. Ana saro gishiri daga Ijil a arewa, a biyo da shi ta nan zuwa Tishit da Walata, a gangara ƙasashen baƙar fata a sauya shi da gero da tufafi da zinariya. Amma abin da ya bambanta su da sauran zangunan fatake shi ne abin da suke yi da ribar. Mutum zai tafi hajji, tafiyar shekara guda ko fiye, ya biya ta Fas ko Tunis ko Alƙahira, in zai dawo rabin kayan raƙuminsa littattafai ne. Wanda ya kasa saye ya ara ya zauna ya kwafa. In ya iso gida maƙwabcinsa ya ara a wurinsa, shi ma ya kwafa. Haka abin ya yi ta taruwa, gida gida, ɗa ya ɗora a kan abin da uba ya bari. Ba sarkin da ya ba da umarni, ba baitulmalin da ya biya. Ana cewa a da gidaje wajen talatin ne ke da taskar littattafai a garin. Yanzu waɗanda suka rage goma sha wani abu ne, waɗanda kuwa ake buɗe wa baƙo ka ƙirga su da yatsun hannu.

Mafi girma a cikinsu ita ce ta gidan Habat. Wanda ya tara ta, Sidi Muhammad ɗan Habat, alƙali ne kuma attajiri, an haife shi a 1784 ya rasu a 1869. Taskar tana da littattafan hannu kusan 1,400: Alƙur'anai, tafsiri, hadisi, fiƙihun Malikiyya, nahawu, lugga, lissafi, ilimin taurari, magani. A cikinta akwai kwafin wani littafi na Abu Hilal al-Askari mai tarihin shekara ta 480 bayan Hijira. Yi lissafi da kanka, littafin ya girmi garin da yake ciki. Wani ne ya saye shi a wata ƙasa mai nisa, ya naɗe shi a fata, ya ratsa hamada da shi, kuma daga ranar har yau ba a taɓa rasa wanda zai kakkaɓe masa ƙura ba.

Wannan dattijo ya yi wani abu da nake so ka tsaya ka duba. Ya san abin da ke kashe littattafan malamai ba wuta ba ce, ba yaƙi ba ne, yawanci rabon gado ne. Kai ma ka ga yadda ake yi a nan. Malami ya rasu, a zauna rabo, a kasa littattafansa kamar goro, wannan ya ɗauki juz'i na ɗaya na Muhtasar, wancan ya tafi Legas da na biyu, mace ta sami nata kason mijinta ya sa a saman rumbu. Kafin jikoki su tasa babu ko ɗaya. Shi sai ya mayar da tasa taskar waƙafi, ba ta rabuwa, ba ta sayuwa, tana nan a garin a hannun zuriyarsa, mai neman ilimi ya zo ya duba. Shekara fiye da 150 ke nan, kuma har gobe akwai mutum guda a gidan da kowa ya san shi ne mai makulli.

Makullin ma abin kallo ne. A ɗaya daga gidajen da na shiga, ƙofar 'yar gajeruwa ce ta itacen ƙaya, sai ka sunkuya. Mai gidan ya zaro wani guntun katako daga aljihun babbar rigarsa, tsawonsa kamar taƙi guda, da 'yan ƙusoshi a bakinsa, in ka gan shi ka ce buroshin goge haƙora ne. Ya zura shi a ramin sakata, ya ɗan ɗaga, haƙoran suka tura 'yan sandunan da ke ciki, sakatar ta ja. Katakon ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu. Da na ga naka makulli ya yi tsatsa a gwangwani, wannan katako ne ya faɗo mini a rai. Ɗakin kuwa bai kai shigifar Malam girma ba. Ba fanka, ba lantarki, sai kantoci da akwatunan kwali da aka rubuta wa lamba. Ya ɗauko wani littafi ya buɗe mini, sai na ga rubutun Magariba irin wanda muka tashi da shi, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, jan tawada a kan babi, sharhi ya zagaye gefe kamar tururuwa. Risala ce ta Ibn Abi Zaid, ita dai wadda gara ke ci a gidanmu. Na ce masa muna da irinta. Ya tambaye ni, wa ke riƙe da ita? Na ce yayana. Ya ce, bayan shi fa? A lokacin kana firamare. Na ambaci sunanka, na ce mai sunan mahaifinmu ne. Ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a.

Kada ka ɗauka su abin ya zo musu da sauƙi. Duk wani uzurin da za ka kawo mini, nasu ya fi shi. Faransawa sun ci yankin Adrar a 1909, jirgin ruwa da mota suka kashe ayari, alhaji ya koma hawa jirgin sama daga birni. Da aka sami 'yancin kai a 1960 aiki ya koma Nuwakshot da ma'adinan ƙarfe na Zuwerat, samari suka bi. Sai farin nan na shekarun 1970, wanda mu ma muka ɗanɗana a 1973, ya ƙare musu dabbobi, gidaje da yawa suka rufe ƙofa suka tafi, rairayi ya shiga ya zauna har bakin taga. Wasu taskokin sun bi masu su birni, wasu sun ruɓe a ƙarƙashin rufin da ya faɗa. A 1996 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tare da Wadan da Tishit da Walata, masu yawon buɗe ido suka fara zuwa daga Faransa, masu taskoki suka riƙa samun ɗan abin gyaran rufi. A ƙarshen 2007 aka kashe Faransawa huɗu a kudancin ƙasar, baƙi suka ɗauke ƙafa shekara da shekaru. Duk da haka waɗanda suka rage ba su daina buɗe ƙofa suna shara ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce komai nasu daidai ne ba. Gwamnatinsu ta sha neman a tattara littattafan a wuri guda mai kayan adana na zamani, gidajen suka ƙi, suka ce amanar kakanni ce. Na fahimce su, amma ƙin yana da tsada. Littafin da ya fi kyau shi ake ɗauko wa kowane baƙo, a buɗe shi a shafi guda kullum, har gefensa ya fara marmashewa. Abin da ya fi damuna kuma, a kwana biyun da na yi ban ga ɗalibi ko ɗaya zaune yana karatu a ɗakunan nan ba, sai masu ɗaukar hoto. Garin da ake ba da labarin malamansa suna ɗauke da littattafai a ka! Ahmad ɗan al-Amin, wanda ya wallafa Al-Wasiɗ a Alƙahira a 1911 kan tarihin mawaƙa da malaman ƙasarsu, yawancin abin da ke ciki daga haddarsa ya zubo shi, yana nesa da gida. Taskar da ta haifi irin wannan mutum ta koma wurin kallo. Wannan ma wata irin gara ce, tana ci ba a ganin garinta. Saboda haka ban ce ka kwaikwaye su a komai ba. Abu ɗaya na ce ka gani: a kowane gida da littattafai suka tsira, akwai mutum guda da ya ɗauki abin a matsayin aikinsa.

Yanzu mu dawo gida, don ka ce garinmu bai taɓa yin laburare ba. A nan ka yi kuskure, kuma ba laifinka ba ne kai kaɗai, ba mu ba ku labari ba. Garin nan ya yi laburare biyu, ni na shiga dukansu.

Na farko shi ne wanda takinka ke ciki. A zamanin Malam shigifar nan ba ta rufuwa daga hantsi zuwa la'asar. Limaman ƙauyuka suna zuwa ran kasuwa, su ɗaure jakuna a gindin dalbejiya, su shigo duba mas'alar gado ko ta idda. Mai son aro ya ara, Malam ya rubuta sunansa a bayan wani tsohon allo, in ya dawo da shi a wanke. Wasu littattafan ya gada ne daga nasa mahaifin. In ka ɗaga takardarsu a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta, takardar Italiya ce da ta biyo ayarin Tarabulus zuwa Kano. Wasu kuma bugun Misira ne masu rawayar takarda da ya sayo a kasuwar Kurmi da kuɗin gyaɗa. Akwai waƙoƙin ajami da ba na jin akwai kwafinsu a wani wuri, akwai wasiƙu, akwai wata takarda da ya riƙa rubuta shekarun yunwa da na annoba da rasuwar manyan gari. Tarihin garinmu ke nan, yana ƙasan adaka ta uku, in Allah ya sa gara ba ta kai can ba.

Na biyu shi ne ɗakin karatu na En'e, nan kusa da ofishin hakimi, inda yanzu ake cajin waya. Benci huɗu ne da tebur da kabad mai gilashi. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana zuwa a maƙale ta a sanda don kada wani ya naɗe ya sa aljihu. Lokaci lokaci akwatin littattafai yakan iso daga babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, a karɓi tsohon a bar sabo. Malamin ɗakin wani siririn mutum ne mai tabarau ɗaure da zare. Da yamma yakan fito da jarida bakin ƙofa ya karanta wa dattawan da ba su yi boko ba, su yi ta gardama a kan abin da Sardauna ya ce. A nan na fara karanta Magana Jari Ce. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, akwai Ruwan Bagaja mai hatimin En'e a gidana har yanzu, na ara ina aji shida ban mayar ba. Allah ya yafe mini.

Ka san yadda ɗakin ya mutu? Ba wanda ya rushe shi, ba wanda ya sa hannu a takarda ya ce a rufe. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya koma hannun sababbin masu iko, mai tabarau ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Aka ba masinja makulli. Masinja yana buɗewa in ya tuna. Sai aka ajiye kujerun taro a ciki na kwana biyu, kwana biyun suka zama shekara goma. Littattafan kuwa masu ƙosai da masu tsire sun san inda suka shiga. Gini yana nan, hukuma tana nan, kasafi ma ana yi duk shekara. Mutum ɗaya ne ya tafi. Don haka in gobe aka gina maka laburaren da kake kira, mai bene da gilashi, ka tambayi kanka wa zai zama mai tabarau a ciki, tunda wanda aka bar maka a gida, ba ka biyan haya ba ka jiran sa hannun kowa, ga halin da yake ciki.

Laifi tudu ne, na sani, kuma ina tsaye a kan nawa. Ni ne Malam ya sa a boko, na tafi, na yi shekara arba'in ina aikin gwamnati ina zuwa gida da Sallah kamar baƙo. Yaya, Allah ya jiƙansa, shi ya zauna. Karatunsa bai yi zurfi ba, amma duk shekara in kaka ta yi yakan fito da adakokin nan ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya buɗe gafaka ɗaya ɗaya, ya kakkaɓe da gashin kaza, ya mayar. Ban taɓa aiko masa da ko kuɗin buhun siminti saboda ɗakin ba. Da ya rasu shekara uku da suka wuce aka miƙa maka makullai a dunƙule, na gona da na shago da na shigifa, ba wanda ya zaunar da kai ya ce wannan ɗaya daban yake. Ni ya kamata in yi, ban yi ba. Ga nauyin gida ya faɗo maka gaba ɗaya, ga kuɗin makarantar ƙannenka, taki kuma dole a sami inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Duk na san wannan.

Abu biyu ne dai ba zan iya yi maka uzuri a kansu ba. An gaya mini wani yaro daga jami'a, jikan ɗaya daga almajiran Malam, ya zo har sau biyu yana neman ya ga waƙoƙin ajamin nan don bincikensa, ka ce masa ba ka san inda makulli yake ba, a karo na biyu ma ba ka fito ba. Ɗana, wannan ƙofa ba a taɓa mayar da mai neman karatu daga bakinta ba. In kunyar halin da ɗakin ke ciki ce ta hana ka, da ka faɗa masa gaskiya, da shi zai fara ɗaukar tsintsiya. Na biyu, na ji wani mai sayen tsofaffin littattafai ya zo daga birni ya yi tayi, ka ce za ka yi shawara. To ga shawarar: a'a. Ba naka ba ne kai kaɗai, gwaggonninka suna da haƙƙi, ni ma ina da shi. Irin waɗannan mutane suna zaɓar mai zayyana su raba shi shafi shafi su sayar wa masu ado da bango, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da irin wannan kaya waje ba da izini ba. Kuɗin da zai ba ka ba zai kai ka girbi ba.

Abin da za a yi ba mai yawa ba ne, kuma ba ya bukatar kwangila. A fitar da taki a kai shagon da babu kowa, ni zan biya haya har damina ta wuce. A kira magini ya sauya azarar nan, ya yi yaɓe, ya gyara indararo tun hadari bai fara haɗuwa ba. Adakokin su tashi daga ƙasa, a sa su a kan kanta ta ƙarfe nesa da bango, yadda in gara ta taso za a ga hanyarta. Wanda ya jiƙe a shanya shi a inuwa, kada rana ta gan shi, don takarda tana ƙonewa ta koma kamar ɓawon albasa. Kuma don Allah kada kowa ya kawo mini dabarar zamani: ba leda, ba gam, ba salatif, ba kai wa masu liƙa roba a kan takardar shaida. Leda tana tara gumi, gam yana cin tawada, abin da aka liƙe da roba kuwa ya tafi ke nan. In shafi ya yage a sa shi tsakanin farar takarda biyu a bar shi. Kada a haɗa takardun gafaka biyu ko da sun yi kama, kowace a buɗe ta ita kaɗai a rufe kafin a taɓa wata.

Sannan a sayi littafin rubutu mai kauri a yi jeri. Lamba, sunan littafi, mawallafi, wanda ya kwafa in ya sa sunansa a ƙarshe, yawan takardu, da abin da ya same shi. Su ma mutanen Shinƙiɗ sai da aka yi musu wannan, a 1997 gidauniyar Al-Furƙan ta Landan ta buga jerin littattafan garin da na Wadan, daga nan malaman duniya suka san me ke ina. Kai ba za ka iya gane duka ba, ni ma haka. Amma tsohon limamin unguwar gabas almajirin Malam ne, idonsa ya yi rauni, kunnensa da kansa lafiya lau. A ɗauko shi a mota, a karanta masa layin farko, zai gaya maka littafin da babin. Ya haura tamanin, wannan aiki ba na baɗi ba ne. Wayar nan taka da ke ɗaukar hoton biki ta ɗauki shafukan ɗaya bayan ɗaya, a fara da takardar tarihin gari da waƙoƙin ajami, a ajiye hotunan wuri biyu. In mun gama za mu rubuta wa Gidan Arewa a Kaduna, suna da masu sanin gyaran irin waɗannan takardu, su zo su gani su ba da shawara, littattafai kuwa suna nan a ɗakinsu.

Maganar waƙafi ni zan ɗauke ta. Zan zagaya gwaggonninka ɗaya ɗaya, in sun yarda a rubuta a gaban alƙali da shaidu cewa ba a rabawa, ba a sayarwa, ba a fitar da su daga gari, kuma ana buɗe wa mai karatu ko da yini ɗaya ne a mako. Ni na fi son Alhamis, tunda makarantun allo suna hutu.

Saura batun wanda zai riƙe. Ka yi tunani da kyau, ba dole. Sunan Malam da kake ɗauke da shi ba sarƙa ba ce, in harkokinka ba za su bar ka ba ka faɗa, ba wanda zai ga baƙinka. Ƙanwarka ta fi mu duka Larabci, tana koyarwa a Islamiyya nan bayan gida, kuma na lura ita ce ta yi ƙwalla da na nuna mata Risalar. Ko ka karɓa ko ka bar mata, a yanka makulli biyu, ɗaya a wurinta, ɗaya a wurinka, a rataye a inda yaro ma ya sani.

Zan zo ran Asabar ta sama in Allah ya kai mu, da motar safe. Ka nemo tsani da samari biyu masu ƙarfi, ka aika wa yaron nan na jami'a ya zo shi ma, ka ba shi haƙuri da bakinka. Ruwan Bagajan En'e zan taho da shi, a ba shi lamba a sa a kanta.

Ka gaida mutan gida duka.

Baffanka.